Maki Biyun Giginya

Mijina ya shekara goma sha shida yana buga ƙwallon kwando a kulob ɗaya, ni kuma na shekara goma sha uku ina ɗora masa ƙanƙara a gwiwa. Giginya ake ce masa. Tun yana ɗan sha bakwai 'yan kallo suka laƙaba masa sunan, ya bi shi, har mahaifiyarsa da shi take kiransa kafin ta rasu. Ni Kyaftin nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malama, don lissafi nake koyarwa a sakandare. Gadonmu ma mai walda ne ya ƙera mana, saboda duk na kasuwa ƙafafunsa a waje suke kwana.

Tun da lissafi ne aikina, lambobinsa a kaina suke kamar sunayen 'yan ajina. Wasa ɗari biyar da talatin. Kofi huɗu. Sau uku ana zaɓarsa gwarzon shekara. Ranar da ya ci maki hamsin da huɗu a wasa ɗaya, abin da har yau ba a sake yi ba, ina kan gadon asibiti ina naƙudar 'yarmu. A rediyon wata nas na riƙa jiyo ihun 'yan kallo tsakanin ciwo da ciwo. Yayarsa ce a wurina ranar, tana yi mini fifita da kwali. Da mai sharhi ya ce Giginya ya sake zurawa, sai ta taɓe baki ta ce, "Giginya ke nan, na nesa ka sha inuwarki." Na yi dariya duk da halin da nake ciki. A lokacin abin dariya ne.

Lamba ɗaya ce ba tasa ba. Wani tsohon ɗan wasa da ake kira Bahago ya bar fili da maki dubu tara da ɗari takwas da arba'in, shekara ashirin da shida babu wanda ya kamo shi a gasar. Da aka rufe kakar wasa ta goma sha biyar, mijina yana da dubu tara da ɗari shida da hamsin. Ɗari da casa'in da ɗaya suka rage masa ya wuce. Da ƙuruciyarsa wannan aikin wasa takwas ne.

Sai dai gwiwarsa ta dama ta riga ta gama. Likitan kulob kullum maganarsa ɗaya, gajiya ce, a huta kwana biyu. Ni na gaji da wannan waƙar, na ja shi wurin wani likitan ƙashi da ba ruwansa da ƙwallo. Mutumin ya ɗaga hoton gwiwar a hasken taga, ya daɗe yana kallo.

"Da wannan ƙafar kake gudu?" ya tambaye shi.

"Da ita nake tsalle ma," in ji Kyaftin, yana murmushi.

Likita bai yi murmushi ba. Ya ce, "Guringuntsin ya cinye, ƙashi ne ke gogar ƙashi. In ka tsaya yanzu, za ka yi tafiya kamar kowa har tsufanka. In ka ƙara shekara ɗaya, sai dai a sa maka ƙarfe, kuma ban yi maka alkawarin za ta lanƙwasu ba."

A mota ni nake tuƙi, don ba ya iya taka birki da wannan ƙafar in ta kumbura. Muka wuce fitilar hanya biyu.

"Ɗari da casa'in da ɗaya, Malama," ya ce daga baya.

"Na fi ka sani. Ni na ƙirga maka."

"To aski ne ya zo gaban goshi. Shekara ɗaya tal."

Na ce, "Kofi huɗu ba su ishe ka ba? Wa ya ce maka sai da lambar Bahago za a san ka yi wasa?"

"Kofi na kulob ne. Wannan tawa ce."

"Ƙafar fa, ta wace ce? In ta tsaya, kulob ne zai riƙa kama ka zuwa banɗaki?"

Ya juya fuska waje. Na san wannan juyawar. Magana ta ƙare ke nan.

Bayan kwana uku shugaban kulob ya zo gidanmu da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a kujerar da ta fi kyau, ya sha shayi, ya ɗauki 'yarmu hoto da kofunan babanta. Ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Ya ce ranar da za a karya tarihin nan, ko tsuntsu ba zai sami wurin sauka a zauren wasa ba. Na tambaye shi ko ya ga hoton gwiwar. Ya ce, "Haba Malama, ai jarumi ba ya rasa tabo." Ya tashi ya tafi a kan ƙafafunsa biyu lafiyayyu.

Abin da shugaban bai faɗa ba shi ne sabon kocin da suka ɗauko ba ya son Giginya a fili. Matasa yake so, masu gudu. Ban ga laifinsa ba, don ni ma ina da ido. Mutumin da a da ba a cire shi sai ya ɗaga hannu, yanzu minti takwas ko goma ake ba shi, sauran lokacin yana benci da tawul a wuya. Yau maki shida, gobe huɗu, wata rana ko ɗaya babu. Kowace safiyar wasa likitan kulob zai zuƙe ruwan gwiwar da sirinji, ruwa rawaya-rawaya kusan rabin kofi, sannan ya danna masa allurar kashe zafi. Da yamma allurar ta sake shi. Sai in tarar da shi a ƙasan matakalar gidanmu, don a hawa na biyu muke, yana kallon matakan kamar ya ga rijiya. Goma sha takwas ne. Da kafaɗata yake hawa su.

'Yan kallo kuwa, waɗanda suka raɗa masa suna, su suka fara juyawa. In ya shiga aka wuce shi kamar an wuce turke, sai ka ji daga sama, "Baba a je a huta!" Wata jarida ta buɗe ɗan akwati a shafin baya tana rage lambar duk mako: saura casa'in, saura sittin da biyu, saura talatin. A ɗakin malamai abokan aikina suna taya ni ƙirga, suna tsammanin daɗi nake ji.

Aka zo wasan ƙarshe na kakar saura maki biyar ya wuce Bahago. A gida za a buga, da la'asar. Wasan ba shi da amfani ga kowa, mu mun riga mun faɗo daga neman kofi, baƙin kuma sun riga sun haye zagaye na gaba. Amma zauren ya cika maƙil kamar yadda shugaba ya faɗa. An naɗe wani ƙaton ƙyalle a saman rufi, ana jira a sake shi. An ɗauko Bahago an ajiye shi a layin gaba, tsoho siriri da sanda tsakanin ƙafafunsa, yana kallon fili ba ya ko ƙiftawa. Ni da 'yarmu da Yaya muna layi na uku a bayansa.

Wanda aka sa ya tsare mijina shi ne Katanga, ɗan shekara ashirin da shida, wanda a shekarar babu mai tsaro kamarsa a gasar. A zangon farko Kyaftin ya samu ya ci maki biyu. A na uku aka yi masa ƙeta, alƙali ya ba shi jifa biyu daga layi, ɗaya ta shiga, ɗaya ta bugi ƙarfe. Saura biyu. Daga nan ƙofa ta rufe. Duk inda ya juya Katanga na nan. Sau biyu ya yi tsalle, sau biyu aka doke ƙwallon daga hannunsa. Ina hango yadda yake jan ƙafar, na san allurar ta fara sakinsa. An ba mu ratar maki ashirin da biyu.

Saura daƙiƙa arba'in na ga shugaban kulob ɗinmu ya taso daga kujerarsa, ya zagaya, ya yi wa kocin baƙi raɗa. Kocin ya ɗaga kafaɗa, ya kira Katanga da hannu ya faɗa masa wani abu.

Aka miƙa wa Kyaftin ƙwallo a kusa da kwando. Ya juya baya yana neman jikin da zai tura, kamar yadda ya saba shekara goma sha shida, sai ya ji iska. Ya waiga. Katanga ya matsa gefe taku biyu, ya mai da hannuwansa baya, ya sunkuyar da kai.

Mijina ya tsaya riƙe da ƙwallo. Ban san daƙiƙa nawa ba ne, ni da nake ƙirga komai. Zaure duk ya miƙe, ana ihu, "Jefa! Jefa!" Ni kaɗai nake cewa a raina, ajiye ta, Kyaftin, ajiye ta ƙasa ka fita. Na ga ya dubi allon maki. Sai ya yunƙura ya yi tsalle, gwiwar ta ƙi, ƙwallon ta zagaya bakin ƙarfe ta faɗo waje.

A hannun Katanga ta faɗo. Ya riƙe ta, ya dubi kocinsa, sannan ya sake ta a hankali ta gangara ta tsaya a ƙafar mijina. Shi kuma ya sunkuya ya ɗauka. Babu kowa a gabansa, babu kowa a bayansa. Ya ɗaga hannu ya zura.

Ƙyalle ya sauko, kiɗa ya tashi, aka busa usur. Yaya ta rungume ni tana kuka. 'Yarmu, lokacin tana da shekara tara, ta ja mini hannu ta ce, "Mama, me ya sa wancan bai tare Baba ba?" Na ce ta yi tafi.

Aka kamo Bahago aka kawo shi tsakiyar fili don ya miƙa masa ƙwallon. Tsohon ya miƙa, ya jawo wuyansa ƙasa kamar zai sa masa albarka, ya faɗa masa magana a kunne. Masu hoto suka yi ta ɗauka. Sai da muka shiga mota na tambaye shi abin da ya ce.

"Cewa ya yi Allah ya sa alheri."

"Shi ke nan?"

Ya ƙarasa da cewa, "Ya ce su a zamaninsu, ko gawarka aka kawo fili sai an tare ta."

Kafin mu isa gida bidiyon ya shiga kowace waya. Ba na maki hamsin da huɗu ba, ba na kofi huɗu ba, wannan na daƙiƙa goma sha biyar ɗin. Wani ya ɗora masa muryar mai bara. Wani ya rage masa gudu don a ga yadda ƙwallon ke gangarawa zuwa ƙafarsa. Jaridar da ta yi shekara tana ƙirga masa ta rubuta cewa an yi wa dattijo kara. A makarantarmu na shiga aji na tarar an rubuta a allo: dubu tara da ɗari takwas da talatin da tara, a tara da sadaka biyu. Na goge da hannuna, na koyar da darasina har aka kaɗa ƙararrawa.

Mako uku bai fita ba. Ran nan da safe ya sa riga mai kyau ya ce in kai shi ofishin hukumar gasar. Na ɗauka wata takarda zai karɓo. Muka hau, muka sami sakatare, wani mai ƙiba da tabarau, wanda ya miƙe tsaye da ganinsa.

"Giginya da kansa! Yau wace rana!"

Kyaftin ya zauna da ƙyar, ya miƙe ƙafar gefe. Ya ce, "Alfarma na zo nema. Maki biyun ƙarshen nan nake so a cire."

Sakatare ya yi dariya, ya ga babu mai taya shi, ya tsaya. "A cire kamar yaya?"

"A goge su. A mayar wa Bahago abinsa. Ni dubu tara da ɗari takwas da talatin da tara na ci."

"Ranka ya daɗe, ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba?"

"Ta shiga."

"Lokaci ya cika kafin ta shiga?"

"Bai cika ba."

"To alƙalai uku sun sa hannu a takardar wasa. Ko shugaban hukuma bai isa ya taɓa ta ba. Ni tun da nake aikin nan, masu zuwa a ƙara musu na sani, ban taɓa ganin wanda ya zo a rage masa ba." Ya gyara tabarau, ya sassauta murya. "Ka bar wa ranka. Nan da shekara goma wa zai tuna yadda aka yi? Lamba ce za ta rage."

"Ni zan tuna," in ji Kyaftin.

Da za mu fita sakatare ya roƙi a yi musu hoto tare, ya miƙo mini wayarsa. Na ɗauka. A matakala ban kama shi ba da farko. Ina tafe a gaba, raina na tafasa. Shekara guda na yi ina wanke bandeji, ina ɗaukar rabin nauyinsa a kafaɗa, ya sayar da ƙafarsa don maki biyu, ga shi yau yana yawo da su a hannu yana neman mai karɓa. Sai da na ji ya ce "Malama" a hankali, na koma.

An yi aikin bayan wata biyu. An sa ƙarfen, kuma kamar yadda likita ya faɗa, ba ta lanƙwasu sosai ba. Muka bar hawa na biyu muka koma gidan ƙasa. Kulob ya aiko da kwandon furanni da kati. Shugaba bai zo ba, an ce ya yi tafiya. Mijin Yaya yana da shagon kayan gini, shi ya ba shi kujera a wurin, yana kula da masu lodi. Masu saye suna gane shi. Wasu su gaishe shi da girma, wasu su tsaya a bakin ƙofa suna nuna wa juna waya.

Wata Asabar da hantsi, kusan shekara da yin wasan, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Na buɗe na ga mutum ya cika ƙofar, sai da na ɗaga kai. Katanga ne, riƙe da ledar lemo.

"Anti, ina kwana. Yaya yana ciki?"

Na so in ce ba ya nan. Amma Kyaftin ya jiyo muryar, ya ce a shigo da shi. Katanga ya ƙi kujera, ya zauna a kan dardumar falo, ya haɗa gwiwoyinsa. Na kawo ruwa na tsaya a bakin ƙofar kicin, ban ɓoye cewa saurare nake ba.

Ya ce ya daɗe yana son zuwa, kunya ta hana shi. Ya ce da hoton Giginya a bangon ɗakinsa ya girma. Koci ne ya ce ya matsa, shi kuma a ganinsa girmamawa ce, bai san abin da zai biyo baya ba. "Na biyun kuma, da na sakar maka ƙwallon, babu wanda ya sa ni," ya ce. "Ni na ga ba zan iya riƙe ta ba. Ka yafe mini, Yaya."

Kyaftin ya murza gwiwarsa. Ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kada ka yi mini kara. Wadda aka yi mini ta isa."

"To, Yaya."

"Da ka tsaya ka tare ni, da zan ci?"

Katanga ya dubi darduma. Ya dube ni, na kau da kai.

"A'a," ya ce. "Tun zango na biyu na gane ba ka iya juyawa dama. Hagu kawai nake rufewa. Ko minti goma aka ƙara, ba za ka ci ba."

Na zaci zai fusata. Sai ya gyaɗa kai sau biyu, kamar wanda aka faɗa wa farashin da ya riga ya sani.

"Da shekara biyar baya ne fa?"

Katanga ya ɗan yi murmushi. "Da na sha wuya."

"Da ka sha wuya," in ji Kyaftin. "Sha ruwanka."

Suka ɗan taɓa hirar gasar bana, wadda mijina ya ce ba ya kallo, amma na ji ya san wanda ke kan gaba. Da baƙon ya tashi tafiya, ni na raka shi bakin ƙofa. Ya ce, "Anti, ke ma ki yafe mini." Na ce ya gaida gida.

Na rufe ƙofa na wuce kicin, na buɗe famfo na hau wanke kofunan da ba su da datti. Kujerar falon nan ta yi ƙasa da yawa, in ya zauna a cikinta ba ya iya tashi sai an ba shi hannu. Ina jin ƙarar ta yana yunƙurawa yana komawa.

"Malama," ya kira.

Na ci gaba da wanki. Sai da ya kira sau uku, sannan na rufe famfo na goge hannuna.